Wane ne Paul Mauriat?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Marigayi mahaifina ya bar mana faya-fayan garmaho masu ɗauke da sunan Paul Mauriat, kiɗa zalla mai sanyaya rai. Ina roƙon masana su ba ni tarihinsa.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Bafaranshe ne, an haife shi a Marseille a 1925, inda ya koyi fiyano tun yana yaro, kuma ya daɗe yana tsara wa mawaƙa irin su Charles Aznavour kiɗa kafin sunan ƙungiyar makaɗansa ya fito. Tauraronsa ya haska a 1968, lokacin da waƙar "Love Is Blue" ta yi mako biyar a sahun gaba a jerin waƙoƙin da suka fi karɓuwa a Amurka.

Amsa ta biyu:
Malam, ƙari kaɗan: wani mawallafin kiɗa Bafaranshe, André Popp, shi ne ya ƙirƙiro karin "Love Is Blue", shi kuwa Mauriat ya sake masa tufa da tarin goge, kuma a ganina nan gwanintarsa take.

Amsa ta uku:
Japanawa sun ƙaunace shi matuƙa, har ma a Osaka ya yi wasan bankwana a 1998. Ya rasu a garin Perpignan na Faransa a 2006.