Ɗaukar hoton maciji a daji: shawarwarin da aka tattara

Bakin duk masu ba da shawarar ya zo ɗaya kan tazara: a tsaya nesa, a jawo hoton da kyamara. Wata gamsheƙar kan fesa dafi har mita 2, ido kuma take nema. Kada a tsokani maciji don ya fasa kai.

Wajen tantance jinsin maciji aka fi jan zance. Launi yana yaudara, don jinsi ɗaya kan bambanta daga yanki zuwa yanki. Masana sun fi son hoton kai daga gefe, zanen baya, da wurin da aka gan shi. Wasu sun ce faɗin kai alamar dafi ce. Wannan kam ban yarda ba, mesa ma faɗin kai gare ta. In abin ya shige duhu, a ɗora hoton a iNaturalist, shafin intanet da ake taimakawa wajen tantance dabbobi da tsirrai.