Haɗa pleco iri daban-daban a tanki ɗaya: me kuka gani?

Mai Tanki, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tankina lita 240 ne, tsawonsa santimita 120, da namijin bristlenose guda a ciki, wato wani irin pleco, kifayen nan masu bakin tsotso da ke manne wa gilashi. Ina so in ƙara clown pleco da kuma baƙin plecon nan da masu shago ke kira zabbal. Waɗanda suka taɓa haɗawa, don Allah ku faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Yara, Makka:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zabbal ɗin nan ka cire shi daga lissafi tun yanzu. A shago bai fi ɗan yatsa ba, amma yana kai santimita 30 zuwa 45, kuma da zarar ya girma sai ya mamaye ƙasan tankin gaba ɗaya, ƙananan su daina fitowa. Kashinsa kaɗai ya isa ya toshe filta a mako guda. Clown kuwa ba laifi. Ba ya wuce santimita 10, bristlenose yana tsayawa a 12 zuwa 13, kuma cimarsu ba ɗaya ba ce.

Dattijon Kifi, Riyad:
Faɗan pleco faɗan ɗaki ne. Namiji ke riƙe rami, kuma duk wanda ya leƙo zai sha tunkuɗa. Bristlenose yana da ƙayoyi a gefen kumatu da yake buɗewa idan ransa ya ɓaci, su ke yaga fiffiken abokin zama. Da dare suke yi, shi ya sa mutum sai dai ya wayi gari ya ga wutsiya a yage da farin tabo a haƙarƙari.

Ramuka su fi kifayen yawa, kifi biyu ramuka huɗu. Bututun PVC ko na yumɓu, tsawon santimita 12 zuwa 15, a toshe baya, faɗinsa daidai jikin kifin. Mai faɗi da yawa ba sa son sa. Kada bakin wani ya kalli na wani, a gitta itace ko dutse a tsakani. Ranar da za ka sa sabon, ka sauya wa komai wuri, ka kashe fitila, don tsohon ma ya zama baƙo. Kafin nan sabon ya yi mako uku a tanki daban.

Maman Kifi, Jidda:
Baba, na yarda da batun rami, amma yunwa ta fi faɗa kashe su. Mutane na ɗauka duk pleco gansakuka yake ci. Clown itace yake gwaguya, dole a sa masa kututturen da ake sayarwa don tanki, za ka ga kashinsa kamar garin katako a ƙarƙashi. Bristlenose ganye ya fi so: kusa (ƙaramar kabewar nan mai kama da kokwamba), kokwamba, dankalin Hausa. A yanka, a ɗan tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a soke da cokali mai yatsu ya nutse, a cire da safe kafin ya ɓata ruwa. A zuba abinci wuri biyu, ƙarshe da ƙarshe, bayan an kashe fitila, in ba haka ba mai ƙarfin ya zauna a kai.

Ka riƙa duba cikinsu idan sun manne a gilashi. Cikin da ya lotsa, ido ya faɗa, wannan kifin ya daɗe ba ya samu.

Mai Tanki, Jidda:
Na gode Hajiya. To zebra pleco fa, wanda lambarsa ta shaida ita ce L046, in mutum ya samu?

Baban Yara, Makka:
Ba da bristlenose ba. Zebra na kogin Xingu ne a Brazil, nama yake ci, yana son ruwa mai gudu da ɗumi, digiri 26 zuwa 30, ga shi da kunya, ba ya kokawar abinci. Kuma kada a haɗa shi da 'yan gidansu na Hypancistrus irin L066 ko L333, suna iya haihuwa da juna, 'ya'yan su fito ruwa biyu. Ancistrus, wato 'yan gidan bristlenose, ma haka suke a tsakaninsu. In za a haɗa, a haɗa gida daban-daban, namiji ɗaya daga kowane.

Ɗan Madina:
Abin da ya shafe mu a ƙasar nan shi ne zafi. Plecon da ake kira rubber lip na ruwan sanyi ne, wajen digiri 20 zuwa 24, kada ka sa shi a lissafi sai in AC ba ya mutuwa a ɗakin. Clown da bristlenose suna zama lafiya a 25 zuwa 27. Ruwan tankin saman gida lokacin zafi yakan sauko kamar na shayi, kada ya shiga kai tsaye. A tara a bokiti tun dare, a sa maganin kulorin, a auna kafin a zuba. Canji kashi 30 zuwa 40 cikin 100 duk mako, a zuƙe ƙarƙashin itacen sosai. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, don haka a ƙara injin kumfa. Idan ka ga suna yawan harbawa sama su shaƙi iska su dawo, ka fara duba wannan.

Dattijon Kifi, Riyad:
Ƙari ɗaya, ɗana. In faɗa ya ƙi ƙarewa ka raba su, amma ba da raga ba. Kamar kurungu suke, suna miƙe ƙayar fiffike ta maƙale, wajen cirewa a ji masa rauni. Ka jira ya shiga bututunsa, ka rufe bakin da tafin hannu, ka ɗaga shi da ruwansa ka kai ɗaya tankin.