Muhawara: Shin gwanin lissafi shi ne gwanin koyar da shi?

Alhaji: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, lissafi da fiziks sun sha masa kai. An kawo mini mutum biyu domin yi masa lesin a gida: wani matashi da ya kammala injiniyanci a ABU Zariya da sakamako mai kyau, da wani malamin sakandare mai takardar shaidar malanta ta NCE wanda ya daɗe da alli a hannu. Ra'ayina shi ne wanda ya fi zurfin ilimi shi ya fi cancanta.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi daidai. A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma 40 daga cikinsu na fiziks ne. Matashin da bai jima da zama gaban kwamfutar ba ya san gajerun hanyoyin da za su cece yaro.

Malama: Allah ya ba Injiniya haƙuri, gajerun hanyoyin nan su ne abin tsorona. A takardar rubutu ta WAEC ana ba da maki ne a kan matakan aiki, don haka yaron da ya rubuta amsa tsirara zai yi asarar maki masu yawa ko da amsar daidai ce. Gwani yakan tsallake mataki uku ba tare da ya sani ba, domin a wajensa abin a fili yake, alhali yaron a mataki na farko ya ɓace: an ba shi 2x + 6 = 14, ya tsallakar da 6 bai sauya mata alama ba, ya rubuta 2x = 20 maimakon 2x = 8. Haka kuma a gwajin aikace na fiziks, wanda ya zana jadawali bai sa ma'auni a jikin layukansa ba ya zubar da maki, kuma malamin aji ne ya saba kama irin wannan.

Injiniya: Amma Malama, ai a hannun malaman aji yaron ya gaza tun farko. Daɗewa a aiki ba ita ce ƙwarewa ba.

Malama: Gaskiya ne, sai dai koyarwa a ajin da ya cika maƙil daban take da zama da yaro ɗaya.

Hajiya: Ni takarda ta daina burge ni. Na taɓa ɗaukar wa 'yata mai digiri, aikin gida ya riƙa dawowa da maki cikakke, ina ta godiya, sai jarrabawar zango ta tona asiri, ashe shi yake yi mata tana kwafa. Alhaji, ka ba kowannensu darasi guda na gwaji a falo, ka zauna gefe ka lura da hannun wa biro ya fi daɗewa. Sannan ka miƙa masa tsohuwar takardar gwajin yaron ka ce ya nuna layin da kuskure ya faro.

Injiniya: Wannan gwajin na yarda da shi, kuma ina kyautata zaton matashin zai ci.

Alhaji: Na gode. Har yanzu zuciyata tana wajen matashin, amma zan kira shi ranar Asabar, malamin kuma Lahadi. Takardun zangon da ya wuce suna hannun mahaifiyar yaron.