Za a yaye ni bayan Sallah: me ya riƙe muku jari a shekarar farko?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyon gyaran waya a PZ, nan Zariya, kuma maigidana ya ce bayan Babbar Sallah zai yaye ni. Na samu ɗan shago a Tudun Wada. Kawuna ya yi alƙawarin biya mini hayar shekara guda, abin da na tara kuma zan sayi kayan aiki da 'yan sikirin da batira. Abin da ke hana ni barci shi ne, cikin yayyena da aka yaye kafin ni akwai waɗanda hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma shekara ba ta zagayo ba suka rufe, suka koma zama a bencin wani. Don Allah waɗanda suka taɓa buɗe nasu, kowace irin sana'a ce, ku gaya mini abin da kuka gani a shekarar farko da halin da ya cece ku. Bidiyon masu cewa ka tashi ƙarfe huɗu ka riƙa tunanin zama attajiri na kalla har na gaji. Abin da ya faru da ku nake son ji.

Baba Tela, Ƙofar Doka

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka. Jikana ke latsa mini wayar, ni ina faɗa.

Na buɗe shagon ɗinki zamanin Abaca, lokacin da kananzir ya gagari mutane har mata suka koma murhun garin katako. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan teloli, kuma ba ƙazafi ake mana ba. Tsoro ne ke kawo ƙaryar. Sabon shago, kana ganin in ka ce wa mutum ba za ka iya ba ya tafi ke nan har abada, sai ka karɓa. Ka karɓi na wannan, ka karɓi na wancan, ranar jajibere mutane su cika maka shago, kuma kowa da gaskiyarsa.

Ni hannuna na auna. Na san riga da wando nawa nake gamawa a yini in akwai wuta, na san nawa in babu, kuma da na babu wutar nake lissafi. Azumi na kaiwa rabi na daina karɓar ɗinkin Sallah, ko ɗan wane ne. In na san zan gama Talata, Alhamis nake cewa. Babbar riga kuwa, wadda sai na kai wa masu aikin hannu cikin birni, ba na sa mata rana sai na ji daga bakin mai allurar. An ce ina da girman kai, wasu suka ɗauke yadinsu. Waɗanda suka tsaya, yau 'ya'yansu nake wa ɗinkin angwanci.

Kai ma za a kawo maka waya a ce yanzu-yanzu ake so. In sikirin ɗin sai an aiko daga Farm Centre a Kano, ka faɗa wa mai ita haka. Kar ka ce ya dawo bayan La'asar don kawai ya bar maka wayar.

Maman Hanifa, Hanwa

Ni kaji nake kiwo a gida, masu ƙwai. Na fara da Shika Brown, irin da NAPRI, cibiyar binciken dabbobi ta nan Shika, ta samar. Kazar ƙwai sai ta yi wajen wata biyar tana ci kafin ka ga ƙwai ɗaya, ga rigakafin Gumboro da Lasota, ga ɗumama 'yan tsaki cikin dare. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya tambaye ni ina nake samo kuɗin abincinsu. Ranar da suka fara ƙwai kuwa kowa ya zama mai kaji. Maigida ya ce a soya wa baƙi, maƙwabciya ta aiko yaro da kwano, ƙanwar miji ta zo wuni a haɗa mata na tafiya. Kowanne kaɗan ne, kuma cikinsu wa za ka hana? Amma in wata ya ƙare sai kuɗin buhun abinci ya ƙi cika, alhali kaji suna ta ƙwai.

Sai na kafa doka, na fara da kaina: ƙwan da za a ci a gidan nan saye za a yi. In zan soya wa yara, daga kuɗin cefane nake ɗauka na jefa a gwangwanin kaji. Maigida ya yi ta dariya, wai yau shi ake sayar wa ƙwai a gidansa. Yanzu shi ke tuna wa yaran. Kyauta ban daina ba, na dai ware mata kiret guda a wata, in ya ƙare sai wani watan.

Ƙanena, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a rana na abinci da Napep, saura na shago ne. Aljihu biyu, ko asusu biyu in ta waya kake karɓa.

Mai POS, Samaru

Tawa shekarar farkon ita ce 2022, kun san me ke nan. An shiga yajin aikin jami'o'i 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wanda bai ga Samaru a watannin nan ba ba zai gane ba: masu abinci, masu fotokwafi, masu wanki, masu acaɓa, duk ɗalibai muke jira. Ni ban ma san duk kwastomomina 'yan makaranta ba ne sai da suka tafi. Dole na ɗauki lemata na koma bakin kasuwa, na fara sanin masu kayan miya da mahauta, ina bin su rumfa-rumfa da yamma ina karɓar tsabar kuɗinsu ina yi musu tiransifa. Da ɗalibai suka dawo ban saki 'yan kasuwar ba.

Su ne suka riƙe ni a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta zama abin nema. Ina samun tsaba a wurinsu lokacin da mutane ke kwana a layin banki. A watannin nan 'yan POS sun ga kuɗi. Wasu abokan sana'ata suka ɗauka haka duniya za ta zauna, wannan ya sayi babur, wancan ya canza waya, caji kuma suka tsawwala wa mutanen da suka saba da su. Da kuɗi suka wadata mutanen nan ba su manta ba. Wata mai kyau in ya zo maka, ka riƙa ganinsa a matsayin na cike ramin wanda zai biyo baya.

Tsohon Mai Aski, Sabon Gari

Ku yi haƙuri zan ɗan karkace. Duk lokacin da aka ɗauko irin wannan hira sai a nuna kamar wanda ya rufe shago sakaci ya yi. Ni na yi duk abin da kuka lissafa. Ina da littafin lissafi, ba na zaman majalisa, ƙarfe bakwai na buɗe. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ni kuma da janareta nake aski. Na ƙara kuɗin aski, mutane suka sayi kilifa suna yi wa 'ya'yansu a gida, wanda ke zuwa duk Juma'a ya koma sau ɗaya a wata. Wane hali ne zai gyara wannan? Yanzu Napep ɗin wani nake ja. A riƙa faɗa wa yara gaskiya, wata faɗuwar ba daga kai ba ce.

Maman Hanifa, Hanwa

Wallahi gaskiyarka, Malam. Mu ma da masara da waken soya suka tashi, masu kaji da yawa sun sayar da keji, kuma ba ragwaye ba ne. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Alhajin Hatsi, hanyar Giwa

Mai aski, ban musa maka ba, amma bari na tambaye ka: da ka rufe, ana bin ka bashi? Don in ka fita da kilifofinka da mutuncinka, littafin nan ya yi aikinsa. Shi ya nuna maka da wuri cewa aski ba ya biyan mai.

Mu a hatsi sana'ar a bayyane take: ka saya da kaka, ka ajiye, ka sayar in damina ta kusa. Shekaru ana cin riba har mutane suka ɗauka dole ne. A kakar 2024 malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, matan aure, kowa ya zuba kuɗi a masara, wasu da rance. Aka shiga 2025 farashi ya yi ƙasa maimakon sama. Asara ta same mu duka, har ni. Bambancin kawai, wasu mun saba rubuta nawa buhu ya tsaya mana da dako da kuɗin sito da maganin ƙwari, saboda haka muka sayar da rabi tun asarar tana ƙarama. Wasu suka ce sai ya dawo, suka riƙe har ƙwari suka taya su ci. Abin da mahaifina ya hore ni da shi tun ina riƙe masa mudu: kar ka zuba duk jarinka a kaya ɗaya, kar kuma ka yi fushi da kasuwa, ba ta san kana yi ba.

Tsohon Mai Aski, Sabon Gari

Ba a bi na ko sisi, Alhaji. Kayan ma suna nan a ɗaki. In na haɗa kuɗin sola zan sake gwadawa.

Malamar Islamiyya, Gyallesu

Ni ɗan shagon kayan masarufi ne a zauren gidanmu, kuma abin da ya kusa cinye shi bashin unguwa ne. Bayar da bashin bai dame ni ba kamar rubuta shi. Mutum ya girme ka, ya ce a ba shi taliya da mai zuwa ƙarshen wata, sai ka ji nauyin buɗe littafi a gabansa, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Bayan sati uku shi ya tuna leda biyu, kai ka tuna uku, zumunci ya ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi. Tun da na riƙe wannan kunyar ta sake ni. Ina rubutawa a gaban mutum, na karanta masa, na tambaye shi ranar biya. Wanda ya ji haushi, da ma ba shi da niyyar biya. Wanda na san ba shi da hali kuwa ba na kiran abin bashi, na ba shi abin da zan iya yafewa na ce kyauta ce, mu rabu lafiya.

Mai Gyaran Waya, Kwangila

Ƙanena, ni ɗan sana'arka ne, ga namu na cikin gida. Kar ka sa dogon benci a shagon. Abokai za su zo taya ka murna, su zauna, su saka caji, a kawo rake, a ɗauko musun ƙwallo. Mace ba za ta shigo ta miƙa wayarta a gaban samari takwas ba, dattijo ma haka. Kuma ranar da waya ta ɓata a tebur ba ka da wanda za ka tuhuma. Kujera biyu ta isa.

Kowace waya ka manna mata takarda: sunan mai ita, abin da ya kawo ta, kuɗin da kuka yi. Ka gwada kyamara da sifika da wurin caji a gabansa kafin ya tafi, ya cire layinsa da memori. In ba haka ba za a ɗora maka laifin da wayar ta zo da shi. Abin da ke cikin wayar mutane kuma ba naka ba ne. Na san mai gyaran da hannunsa ya fi na kowa a layinmu, hoto ɗaya ya nuna wa abokinsa, maganar ta zaga unguwa, har yau bai farfaɗo ba. Sikirin in ba na asali ba ne ka faɗa, ka ba mutum zaɓi da farashin kowanne.

Sannan kar ka yanke da maigidanka. Aikin da ya fi ƙarfinka ka kai masa ku raba. Wayoyi suna canzawa kullum, ni har yanzu in shago ya yi shiru YouTube nake buɗewa na ɗauko matacciyar waya ina gwaji a kanta.

Ɗan Tudun Wada

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Saura guda. Kawun nan da zai biya mini haya yana da mata biyu da 'ya'ya da yawa, kowa da waya. In suka fara kawo gyara, da wane baki zan ce su biya?

Malamar Islamiyya, Gyallesu

Kar ka jira sai sun kawo. Tun kafin ka buɗe ka je ka gaishe shi, ka ce Kawu, duk wayar gidanka aikin hannuna kyauta ne, amma kayan da za a saka saye nake yi, a taimaka mini da kuɗinsu kar jarin ya karye. Shi da kansa zai sanar a gida, kuma daga bakinsa ta fi nauyi. Wanda ya biya maka haya ya fi kowa son ganin shagon a buɗe. Kuma ka tuna shekara guda ya ce. Ka raba kuɗin hayar gida goma sha biyu, ka shiga adashi da shi tun watan farko, ka karɓi kwasar ƙarshe.

Tsohon Mai Aski, Sabon Gari

Kafin kawun ya biya, ka je layin da rana tsaka ka tambayi maƙwabtan shagon awa nawa suke samun wuta, kuma mita ɗaya ake rabawa ko kowa da tasa. Kar ka tambayi mai shagon ko dillali. Injin hura zafin nan naku yana jan wuta, in da janareta za ka riƙa kunna shi ka saka kuɗin mai a lissafin kowane gyara tun yanzu.

Ɗan Tudun Wada

Akwai mai walda da mai niƙa a layin, gobe in na tashi daga wurin maigida zan biya na tambaye su. Yayana na Kwangila, ƙaramar sola za ta iya ɗaukar injin, ko fitila da caji kawai?

Mai Gyaran Waya, Kwangila

Ƙarama fitila da caji da abin narka dalma kawai za ta riƙe maka. Injin sai inbata mai ƙarfi da batir babba. Ka fara da ƙaramar, aikin injin ka riƙa tara shi zuwa lokacin da aka kawo wuta.