Wane suna za mu ba ƙananan jiragen nan da ake harhaɗawa?

'Yan'uwa masu kishin harshe, kalma nake nema. Abin da Turawa ke kira "scale model kit", Japanawa kuma suka taƙaita "plastic model" suka ce "puramo", har yau ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. Kwali ne ake saya, cikinsa gutsattsarin roba a maƙale jikin firam, da takardar umarni, da tambura da ake jiƙawa a ruwa kafin a manna. Kai za ka yanka, ka goge, ka liƙa da gam, ka fesa fenti, sai ga jirgi.

Bari in kafa misali da wanda aka fi sani, wato Zero, jirgin saman yaƙin sojojin ruwan Japan na Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Mitsubishi ne ya tsara shi a ƙarƙashin injiniya Jiro Horikoshi. Ya fara tashi a 1939, ya shiga aiki a 1940, wadda ta yi daidai da shekara ta 2600 a ƙidayar masarautar Japan, kuma daga sifilin ƙarshen nan ya samo sunansa. Wanda aka kai hari Pearl Harbor, sansanin sojojin ruwan Amurka, da shi a Disambar 1941, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 12 ne. Idan ka sayi kwalin Tamiya ko Hasegawa, kamfanonin yankin Shizuoka na Japan, aka rubuta 1/48 a jikinsa, to naka zai fito santimita 25 cif. Na 1/72 kuwa bai cika 17 ba. Wannan rabon ya hau kan komai, har kujerar matuƙi da tayar baya.

Shi ya sa "abin wasa" ba ta karɓu a wurina ba, duk da ita ce ke fara zuwa baki. Wanda ya kwana yana yanka salatif ƙanana-ƙanana yana rufe gilasan rumfar matuƙi ɗaya bayan ɗaya, don kada fenti ya taɓa su, ba wasa yake ba. Sannan jirgin nan ya ci rayuka masu yawa, ciki har da samarin da aka tura harin ƙunar baƙin wake da shi a ƙarshen yaƙin.

Wani malamina ya kawo "samfuri". Malam, a gafarce ni, amma idan na ce "samfurin Zero", mai sauraro zai ɗauka irin jirgin nake nufi, kamar yadda muke cewa sabon samfurin mota. Mun riga mun ba kalmar aiki, kuma a wannan fannin ma muna bukatarta, don Zero kansa samfuri-samfuri ne: na harin Pearl Harbor bakin fikafikansa na naɗewa saboda ya shiga lif ɗin jirgin ruwa mai dakon jiragen sama, wani na baya an rage masa fiffike zuwa mita 11. "Mutum-mutumi" kuwa sunanta ya nuna inda ta tsaya.

Wadda ta fi ja min rai ita ce hanyar "motar kara". Yaranmu sun daɗe suna kallon mota su zauna su ƙera ta da kara ko langa-langa, don haka "jirgin roba" zai yi daɗin faɗa. Sai dai mai motar kara da ido yake aunawa, in taya ta fi ƙofa girma ba wanda zai tuhume shi. A nan kuwa awon shi ne sana'ar.

Don haka ga abin da na tsaya a kai: kwaikwayon awo. "Kwaikwayo" ta nuna akwai na ainihi da ake bi, "awo" ta nuna da lissafi aka rage shi. Na san "awo" ita kaɗai za ta kai tunani kasuwar hatsi ko asibiti, amma a haɗe ba ta da ruɗani. Kwalin da ba a taɓa ba sai mu ce kwalin harhaɗawa. Ku gwada a jimla da Hayabusa, wani jirgin saman yaƙin Japan: "Na sayo kwalin harhaɗawa na Hayabusa, kwaikwayon awo ne, ɗaya bisa 48." Harshe bai yi tuntuɓe ba.

Saura guda da ban warware ba. Bayan an gama fenti, an zuba koren nan mai duhu a sama, an manna hinomaru, jan da'irar tutar Japan, an shafa wa ramin taya shuɗi-koren da Japanawa ke kira aotake, akwai matakin da ake mayar da jirgi kamar ya sha aiki. Jiragen Japan na ƙarshen yaƙi sun yi suna wajen ɓarewar fenti, don da yawa an fesa su ba tare da shimfiɗar farko ba. Mai harhaɗawa kan fara da ruwan azurfa, ya barbaɗa gishiri a jiƙe, ya fesa kore a kai, in ya bushe ya kakkaɓe, sai farin ƙarfe ya leƙo a gindin fiffike inda matuƙi ke takawa. Daga nan a ƙara baƙin hayaƙi a bayan salansa. "Koɗarwa" ta kama dusashewar launi amma ta bar hayaƙi da ɗigon mai, "tsufarwa" ta fi faɗi amma ta yi min nauyi. Iyayen gidana masu fentin mota, ku da kuke ganin wannan kullum a gareji, me kuke ce masa?