Musayar Waƙa: Wa Zai Riƙe Mulki, Wa Zai Iya Sauke Shi?

Bazamfare

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana ma'abota waƙa. Abin da ya sa na tsara waɗannan baitoci shi ne halin da wasu ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina suka shiga, inda manomi ba ya taka gonarsa sai ya biya 'yan bindiga kuɗin noma, kuma ba ya girbe abin da ya shuka sai ya sake biya. Amsa-amona "wa" ne, mai amsawa yana iya binsa ko ya kafa nasa.

Da sunan Allah nake buɗewa,
Mai mulkin da ba shi da gushewa.

Masu cewa hukuma nauyi ce kawai,
Su zo ƙauyen da ta daina kulawa.

Can manomi kan sayar da akuyarsa,
Ya kai kuɗin noma kafin shukawa.

In gero ya nuna a aiko masa saƙo,
Ya sake biya kafin a bar shi yankewa.

Mai karɓar kuɗin bai gina asibiti ba,
Ba ya ba da rasit, ba ya sassautawa.

Shi ne alƙali, shi ke yanke tara,
Ba ɗaukaka ƙara, ba musantawa.

Ashe duk inda hukuma ta janye ƙafa,
Kujerar ba ta kwana babu mai hawa.

Batun a yi mulki ko kuwa a bar shi,
A wurina ya wuce tattaunawa.

Abin da nake tambaya, malamaina,
Wane irin mulki ne ya fi dacewa?

Dattijon Kurmi

Wa alaikumus salam. Ɗana Bazamfare, Allah ya kawo muku sauƙi, ya mayar da kowa gidansa. Ni na yi wayo a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, tun kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da ragamar mulki, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa.

In baƙo ya sauka unguwa da daddare,
Mai unguwa ya ji tun kafin wayewa.

Ya kai wa dagaci, dagaci ga hakimi,
Hakimi ga Sarki, ba a tsallakewa.

Burtali a shate yake, kowa ya san shi,
Ba mai kai masa garma don nomewa.

In shanu sun yi ɓarna a je a ƙiyasta,
A biya mai gona gaban masu shaidawa.

A Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa,
Mai tauye mudu ya san akwai kamawa.

Sarki ba baƙo ba ne mai shekara huɗu,
Da zai kwashe ya wuce ba waiwayawa.

Nan aka binne kakansa, nan za a sa shi,
Kunyar gari ke hana shi ɓatawa.

Tun zamanin Rumfa da Tara ta Kano,
Sarki na da majalisar da ke tsawatawa.

Ni dai sarauta na zaɓa, ku yi uzuri,
Tsoho abin da ya sani yake yabawa.

Bazazzagiya

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban musa tsaron da kuka gani ba, amma akwai rabin labarin da ya saura a bakin talakawa, wanda shi ne ya haifar da jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kuma shi ne ya sa soke haraji da jangali ya shiga cikin ayyukan farko na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna da suka hau mulki a 1979. Ka yi mini izini in kafa amsa-amona da "ba".

Baba, idon da ya ga baƙo da dare,
Shi ne bai bar talaka ya huta ba.

Lokacin haraji in ya ƙarato,
Mai gida kan kwana dawa, bai ci ba.

Wanda ya kasa biya a shanya shi rana,
A gaban 'ya'yansa, ba a ji nauyi ba.

Bafulatani na ɓoye maruƙa a daji,
Don malamin jangali bai san rangwame ba.

Alƙali da ɗan doka da gidan yari,
Duk na fada ne, ba na mai ƙara ba.

In Sarki adali ne gari ya ji daɗi,
Wannan magana ce da ban ƙi ba.

To in azzalumi ne ya gaji gadon,
Ta ina za a sauke shi jini bai zuba ba?

Ka tuna Kano da kanta a 1893,
An naɗa Tukur, Yusufawa ba su yarda ba.

Suka fice Takai, basasa ta ɓarke,
'Yan gida ɗaya ne, ba baƙi suka zo ba.

Kafin Alu, jagoran Yusufawa, ya shiga birni a 1894,
Rayukan da suka salwanta ba kaɗan ba.

Mulkin da alherinsa ke ga halin mutum guda,
Ni ban ga dalilin jingina da shi ba.

Ɗan Maraɗi

Baba Dattijo da Malama, ina gaishe ku da girmamawa. Ni yaro ne a cikinku, ban ga zamanin Janar Seyni Kunce ba, wanda ya karɓi mulkin Nijar daga hannun Diori Hamani a watan Afrilun 1974 ya riƙe har rasuwarsa a 1987, amma labarinsa bai bar bakin iyayenmu ba har yau.

Malama, kin rushe ginin da Baba ya yi,
To sai ki nuna mana wata hanya.

In zaɓe za ki ce, mun ga zaɓe,
Ana sayen ƙuri'a da sabulu da taliya.

Ɗan takara ya zo da ganga da turame,
In ya ci, sai shekara biyar zai waiwaya.

Kunce ya hau ƙasa na fama da fari,
Dabbobi sun ƙare, mutane na shan wuya.

Hatsin agajin da ake karkatarwa,
Ya sa ya isa ƙauyuka bisa gaskiya.

Yakan faɗo ofis ba tare da sanarwa ba,
Ma'aikacin da ya makara ya sha kunya.

Abin da majalisa ke ja wata uku,
Soja ya yanke shi a rana ɗaya.

Na fi son mai kaki mai tsoron Allah,
Da mai babbar riga mai cin dukiya.

Malam Badamagare

Ƙanena Ɗan Maraɗi, baitocinka sun yi daɗi, kuma ƙorafinka kan taliya gaskiya ne. Sai dai ƙasarmu Nijar ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, kuma wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru ya cancanci a saurare shi kafin a yi wa kaki kirari. Zan bi amsa-amonka don kada ka ce na gudu.

Ƙanena, mutum ka yaba ba tsari ba,
Ramin da Malama ta nuna a baya.

Kunce ya yi horo, ba mu manta ba,
An kuma tsare mutane ba mai tambaya.

Mai kakin da ka roƙa mai tsoron Allah,
Wa ke tantance shi? Ka faɗi gaskiya.

Ba a shawartarka ranar da zai zo,
Taken soja za ka ji a rediyo da safiya.

In ya yi daidai, sa'arka ce ta yi kyau,
In ya karkace, ka yi shiru ko ka sha wuya.

Ba'are ya hau da bindiga a 1996,
A 1999 bindiga ta raba shi da duniya.

A Najeriya tsakanin 1966 da 1999,
Soja ya ture soja fiye da sau ɗaya.

Kowa ya zo ya ce gyara ya kawo shi,
Ya jingine tsarin mulki ya toshe hanya.

Na yarda, da tazarce ta yi ƙamari,
Soja ya sauke Tanja, ya miƙa, ya ja baya.

Amma alheri ne da ya ga damar yi,
Da ya ƙi, wa zai ja da shi a ƙasar gaba ɗaya?

Zaɓe, ko da taliya ta ɓata shi,
Yana da ranar dawowa, kowa na da masaniya.

A Najeriya a 2015 mai mulki ya sha kaye,
Ya buga waya ya amince, aka kwana lafiya.

Abin da nake aunawa da shi ke nan,
Tsarin da zai sauke shugaba ba a yi makoki a baya.

Dattijon Kurmi

'Ya'yana, kun taru a kaina, amma ban sauka daga ra'ayina ba. In dai zaɓen kuka nace a kansa, to ku sani iri biyu na gani a Najeriya, na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da na shugaba mai cikakken iko wanda aka fara da Shehu Shagari, kuma ba ɗaya suke ba.

A Jamhuriya ta farko Firayim Minista
A zauren majalisa yake zama yana amsawa.

Minista ɗan majalisa ne mai mazaɓa,
In ya yi sake mutanensa na ganewa.

In rinjaye ya juya wa gwamnati baya,
Ta faɗi nan take, ba a jinkirtawa.

A 1979 aka ɗauko tsarin Amurka,
Rigar aro ce, ba ta zauna wurin sawa.

Yau ga sanata 109, wakilai 360,
Gwamna 36, kowa da masu rakawa.

Mai neman shugabanci ya zaga ƙasa duka,
Kuɗin da ya zuba, a ina zai fanshewa?

Bazazzagiya

Baba, a kan tsada ina tare da kai, amma tarihin Jamhuriya ta farko bai goyi bayanka yadda kake so ba.

Tsarin da ka yaba ya faɗi a Janairun 1966,
Bai ko cika shekara shida da 'yanci ba.

Rigimar ƙidaya, da zaɓen 1964,
Da wutar Yamma, majalisa ba ta kashe ba.

Kowace babbar jam'iyya da yankinta,
Ba wadda ta ratsa ƙasar duka ba.

Shi ya sa aka gindaya wa mai son shugabanci
Sharaɗin da yanki ɗaya ba zai cika ba.

Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un jiha,
A biyu cikin uku na jihohi, in ba haka bai ci ba.

Zagayen da ya ba ka haushi don tsadarsa,
An sa shi don haɗin kai, ba don ado ba.

Bakatsine

Gafarta malamai, ina ta sauraro kuna ta ɗaga kai zuwa Abuja da Yamai, alhali gwamnatin da talaka zai iya zuwa wurinta da ƙafa ita ce ƙaramar hukuma. Najeriya na da su 774, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomin riƙo. Na yi aiki a wata sakatariya kafin in yi ritaya, ga abin da na gani.

Na bi Badamagare a kan ƙuri'a,
Amma ƙuri'ar ta sauko inda ake zama.

Sakatariyarmu kan cika ranar albashi,
Washegari maigadi kaɗai za ka tarar da tabarma.

Ciyaman ya tare a babban birnin jiha,
Mai koken rijiya ya jira shi har yamma.

Ba ya tsoron mai koken ko kaɗan,
Wanda ya ba shi kujerar yake yi wa hidima.

Hukumar zaɓe ta jiha gwamna ke naɗa ta,
Jam'iyyarsa ta lashe kujeru ƙasa da sama.

Ɗan adawa ya tsaya layi tun hantsi,
An bayyana sakamako kafin takardu su gama.

Shawarata, a raba zaɓen da hannun gwamna,
A ba hukumar ƙasa, kowa ya sami dama.

Kuɗin wata in sun zo a liƙa a bango,
Nawa aka karɓa, nawa ya tafi ga noma.

Baba, ga tambaya gare ka a ƙarshe,
Tunda kai ka san aikin masu sarauta da dama.

In an ba hakimi kujera a wannan majalisa,
Zai binciki ciyaman, ko tare za su ci su koma?