Me za mu kira caliber da Hausa? Ga inda muka tsaya da maharban garinmu

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake nema, kuma ina jin na kusa kama ta, amma ina so masu sani su duba min kafin ta zauna a baki.

Maganar ta taso ne bayan sallar isha'i a ƙofar gidan kawuna, a ƙauyenmu da ke ƙasar Jahun. Kawu tsohon maharbi ne. Bindigar toka ya gada, da ita ya yi zamaninsa, yanzu da ido ya yi rauni tana rataye a ɗaki. Ƙanena ya zo da waya yana kallon wasu Amurkawa suna gardamar bindigar farauta, wannan ya ce Remington, wancan ya ce Tikka, wani kuma ba ya jin kira sai Winchester, duk sunayen masu ƙera bindiga ne. Kawu ya ce in mayar masa da Hausa. Ina cikin mayarwa na zo kan medium caliber, sai na ce "matsakaiciyar bindiga". Ya ce, "Ɗan nan, matsakaiciya ta ina? Tsawo, ko nauyi, ko kuɗi?" Ni kuwa na san babu ko ɗaya a cikin ukun. Na san abin a kaina, bakina ne ya rasa sunansa, kuma abin ya tsaya min a rai har na kwana da shi.

Abin da Bature yake nufi da caliber shi ne faɗin ramin da harsashi yake bi ya fita, a auna daga wannan gefe zuwa wancan. Ingila da Amurka suna awon da inci, shi ya sa za ka ga .243 ko .270 ko .308, wato ɗan yanki ne na inci guda. Jamus da sauran ƙasashen Turai suna yi da milimita, su ce 6.5 ko 7 ko 8. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka duk waɗannan ramuka ba su kai kaurin ɗan yatsa ba. Da na faɗa wa Kawu haka sai da ya sake tambaya, don bakin tasa bindigar ya fi su nesa ba kusa ba.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, a ara kawai a ce "kaliba", yadda muka ari mota da sifana. Ba ni da ƙyamar aro. Ita kanta "bindiga" asalinta Larabci ne, haka "albarushi" da "harsashi", sun zauna har ba mai tuna cewa baƙi ne. Amma aro yana zama ne idan mutane suna jin kalmar kullum suna ganin abin. Kaliba kuwa ba ta cikin bakin kowa a nan. Ka faɗa wa maharbi ita, sai ka sake yi masa bayani, aikin ya zama biyu.

Ƙanena ya kawo "lamba". Hujjarsa mai kyau ce: takalmi lamba, sifana lamba, allurar ɗinki lamba, me zai hana bindiga? Na so ta da farko. Abin da ya raba ni da ita shi ne bindiga mai baki biyu, irin wadda ake harbin zabi da agwagin ruwa da ita. Lissafinta a juye yake. Idan aka ce 12, ana nufin a narka dalma mai nauyin laba ɗaya, kusan giram 454, a yi dunƙule 12 daidai wa daida, to kowane ɗaya shi ne ya cika ramin. Saboda haka 12 ta fi 20 faɗi, ta farko kusan milimita 18.5, ta biyu kusan 15.6. A raifil kuwa, wato doguwar bindiga mai harba ƙwaya ɗaya, lamba na hawa rami na faɗi. Ga kuma 'yan ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashin mai baki biyu, su ma da lamba ake rarrabe su. Kalma ɗaya a kan abu uku, biyu daga ciki suna tafiya baya, wannan neman ruɗani ne a wajen da ruɗani ke raba mutum da yatsunsa.

"Girman harsashi" ita ce na fi ji a rediyo da bakin masu fassara, kuma ita ce na fi tsoro. Ga dalili. Akwai harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, akwai kuma .30-06 Springfield na sojan Amurka, wanda 06 ɗin da ke jikinsa shekarar 1906 ce. Ƙwayar da ke fita daga su biyun kaurinta ɗaya. Amma kwanson na farko tsawonsa milimita 51, na biyu 63, ya fi cin albarushi. Ka ajiye su a tafin hannu, kowa zai ce ɗaya ya fi girma, alhali ramin da suke bi faɗinsa ɗaya. To in mun ce "girman harsashi", wanne muke nufi, kaurin ƙwaya ko tsawon kwanso? Ta faɗi a nan.

"Awon ciki" da ma'ana ta dace sarai, amma tuni mata masu juna biyu suka riƙe ta a asibiti, ba mai ƙwace ta. Wani malamin firamare da ke zama da mu ya ce "faɗin kafa", kafa irin ta allura. Hausa ce tsantsa. Matsalarta rubutu: yawancin wayoyinmu ba sa kawo ƙ mai lanƙwasa sai an nema, mutane kuma ba sa nema, sai kafa da ƙafa su zama abu ɗaya a allo.

Washegari na bi ta maƙera. Maƙerin garinmu shi ke gyara wa maharba kunamar bindiga da gindinta tun ina yaro. Ban ce masa komai na Turanci ba, na dai tambaye shi, "Baba, in mutum ya kawo bindigogi biyu, ɗaya raminta ya fi na ɗaya, yaya kuke cewa?" Bai ko ɗago daga kan uwar maƙera ba ya ce, "Wannan ta fi faɗin baki." Shi ke nan. Kalmar tana nan tun da can, mu ne muka tsallake ta muna dube-dube a nesa. Haka muke cewa faɗin bakin rijiya, faɗin bakin randa, kuma duk Bahaushe ya san daga gefe zuwa gefe ake nufi, ba zagaye ba.

Malamin nan ya yi min gardama mai ma'ana, kuma ya kamata in kawo ta. Ya ce baki ƙarshen bututu ne kawai, awon kuwa na dukkan ramin ne. Ya ƙara da cewa mai baki biyu sau da yawa ana ɗan tsuke mata ƙarshe don ƙwayoyin su tafi a haɗe, ka ga bakin ya saɓa da cikin ke nan. Gaskiyarsa. Amsata ita ce Hausa ta riga ta yanke wannan hukunci tun ranar da ta ce "mai baki biyu". Ba wanda ya ji haka ya zaci bututu ɗaya ne mai ƙofa biyu. A maganar bindiga, baki yana ɗaukar bututun gaba ɗaya. Bai gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma ya yarda ta fi sauran.

Akwai wani abu da gona ta taimaka min na bayyana wa Kawu. Cikin raifil ba sumul yake ba kamar na bindigar toka. An yi masa tsagi masu murɗewa tun daga gindi har baki, su ne ke sa ƙwaya ta fita tana juyi kamar katantanwa, ta tafi nesa ba ta karkace ba. Na ce masa ya ɗauka kunya da kwari ne irin na huɗa. In ka auna daga kan kunya zuwa kan kunya za ka sami .300 na inci, wato milimita 7.62. In ka auna daga kwari zuwa kwari sai ka sami .308. Rami ɗaya, awo biyu. Nan take ya gane, har ya riga ni ƙarasawa.

To amma faɗin baki kaɗai bai isa ya fassara gardamar Amurkawan nan ba, kuma nan ne abin ya fi min daɗi. Su kansu suna cakuɗa abu biyu da kalma ɗaya. Idan mutum ya ce bindigarsa .308 Winchester ce, ya wuce maganar faɗi, yana faɗin ainihin irin harsashin da aka yanka mata ɗaki dominsa, wato wajen da yake zama, da tsawonsa da siffar kwansonsa. Wannan na ba shi suna "zubi". Masu bin asalin kalmomi da yawa suna mayar da caliber ga kalmar Larabci ƙalib, abin da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki ya ɗauki siffa. Mu ma muna da zubi a wajen maƙeran fari da masu tukwanen dalma, muna kuma cewa "zubinsu ɗaya" in abu biyu sun yi kama. Sai mu ce .308 da .30-06 faɗin bakinsu ɗaya, zubinsu daban. Turawan Jamus sun ma sauƙaƙa, suna rubuta duka biyun: 7x57 na kamfanin Mauser, bakwai faɗin baki, 57 tsawon kwanso. Zubin kowace raifil a buge yake a jikin bututunta, a buge kuma a gindin kwanso, kuma dole su dace. Harsashin da ba zubinta ba yana iya shiga ya fasa ta a hannun mai ita.

Na uku shi ne "ƙira", wato gidan da ya ƙera. Wannan ba sai an nema ba, amma sai an yi hattara, don sunan kamfani yana fitowa a wuri biyu. Winchester ne ya fito da zubin .308 da .270 na 1925 da .243 na 1955, shi ya sa sunansa ke manne da su. Amma Tikka da ake ƙerawa a Finland, da CZ ta ƙasar Cek, da Remington 700 da ta fito a 1962, duk ana yin su a waɗannan zubi. Mutum zai iya riƙe bindiga ƙirar Tikka, zubin .308 Winchester, babu ko ƙusa ɗaya ta Winchester a jikinta. Da na jera wa Kawu haka sai gardamar ta fito fili. Mutanen sun riga sun daidaita a kan faɗin baki da zubi. Rigimarsu a kan ƙira ce kawai: wacce kunamarta ta fi laushi, wacce ta fi sauƙin ɗauka a doguwar tafiya, wacce ake samun kayan gyaranta, wacce ta zauna wa mutum a kafaɗa. Kawu ya ce ai ko a nan haka ne, maharbi ya san maƙerin da hannunsa ya karɓe shi.

Medium ɗin kuma fa? Na zaɓi "madaidaicin baki". A bakin masu farautar barewa da dangoginta, yawanci daga wajen .243 ne zuwa .30. Ƙasa da haka, irin su .22, na zomo ne da ƙananan namun daji. Manya kuma irin .375 da Holland & Holland na Landan suka fitar a 1912, shi ne ƙasashen Afirka da dama suka sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga mai tunkarar ɓauna. Iyakar ba a kafe take ba, don masu farautar manyan dabbobi suna lissafa shi kansa .375 cikin madaidaita. Da Hausa dai sai mu ce ƙaramin baki, madaidaicin baki, babban baki.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Jahun da wannan, tunda ba sayen su muke ba, namun dajin ma sun ja baya, inda suka rage kamar Baturiya da Falgore kuma wurare ne da hukuma ta keɓe. Ruwanmu yana cikin doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Irin su bindigar toka, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Mai baki biyu da raifil ta farauta, Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Abin da ya raba raifil ta farauta da ta soja a wannan doka shi ne faɗin baki: ta ambaci milimita 7.62 da milimita 9 da .300 da .303 na inci a matsayin na soja. Ku koma kan kunya da kwarin nan, za ku ga .308 da Amurkawa ke yabo raminta 7.62 ne. Abin da yake kayan farautar kowa a can, a nan awonsa ya faɗa layin da doka ta ja. 'Yan sintiri da maharbanmu suna zama da jami'an tsaro, ana karanta musu ƙa'idoji ana fassarawa. In mai fassara ya ce "girman bindiga", dattijo zai tafi gida yana auna tsawonta da kamu.

Jiya na koma wajen Kawu na maimaita masa jimlar da ta gagare ni: "Suna neman bindigar farauta mai madaidaicin baki, sun yarda da zubi, ƙira ce ta raba su." Ya gyaɗa kai bai tambayi komai ba. Sai dai ya ce a ƙuruciyarsa ya ji maharban wajen Haɗeja da Gumel suna cewa maƙogwaron bindiga. Mutanen Haɗeja, Gumel, Birnin Kudu, Sumaila, ku tambayar mana dattawanku da maƙeranku, ramin gaba ɗaya suke kira haka ko wajen da harsashi ke zama kawai? In na biyun ne, to ɗakin harsashi ma ya sami sunansa.